Yadda Ake Bin Sawun Asalin Suna: Daga Miryam ta Ibrananci Zuwa Maryam, Maria da Mairo

Duk wanda ya taɓa neman ma'anar sunan Maryam a intanet ya san ruɗanin da ke ciki. Wannan shafi ya ce "mai ɗaci", wancan ya ce "tauraruwar teku", wani ya ce "abar ƙauna", wani kuma "mai bauta wa Allah", kuma kowanne yana faɗa ne ba tare da ya nuna inda ya samo ba. Uban da ke shirin raɗa wa 'yarsa suna, ko ɗalibar da aka ba aikin bincike a jami'a, sai su ɗauki wadda ta fi musu daɗin ji su wuce. Wannan yana damuna, domin suna ne da miliyoyin mata ke amsawa daga Kano zuwa Manila, Musulmi da Kirista da Bayahude, kuma ya cancanci a yi masa bincike na gaskiya.

Kuskuren yana faruwa ne tun daga tambayar farko. Mutane kan fara da "me yake nufi?", alhali ma'ana ita ce abu na ƙarshe da ake tambaya. Abin da ake fara nema shi ne hanyar da sunan ya biyo: a ina aka fara rubuta shi, wa ya karɓa daga wa, kuma me kowane harshe ya yi masa da ya shiga bakinsa. Ga yadda ake yin aikin, da sunan Maryam a matsayin abin gwaji.

Mataki na farko: tattara siffofin sunan daga gida

Kafin ka buɗe wani littafi, ɗauki takarda ka rubuta duk yadda ake kiran sunan a inda kake. A ƙasar Hausa za ka samu Maryam, Maryama, Maryamu, Mairamu, Mairo, Mero. Tambayi tsofaffin gidanku, musamman kakanni mata, domin su ne suka san wace Mairo ce sunanta na yanka Maryam. Ka rubuta har da sunayen da kake zargin suna da alaƙa, irin su Mariya, amma ka sa musu alamar tambaya a gefe. Kada ka yanke hukunci a kan kowanne tukuna.

Mataki na biyu: nemo rubutu mafi tsufa da sunan ya fito a ciki

A nan aikin gaske yake farawa. Tsohon wurin da aka san sunan nan ya bayyana shi ne Attaura, a littafin Fitowa 15:20, inda aka ambaci Miryam annabiya, 'yar'uwar Haruna, ta ɗauki ganga mata suna biye da ita bayan an haye teku. Littafin Ƙidaya 26:59 ya jera ta tare da Haruna da Musa a matsayin 'ya'yan Amram da Yokabed, babi na 20 kuma ya ce ta rasu a Kadesh aka binne ta a can. Annabi Mika ma, a 6:4, ya haɗa sunanta da na Musa da Haruna a matsayin waɗanda aka aiko su ja-goranci jama'a.

Lura da wani abu da masu gaggawa kan tsallake. A Fitowa babi na 2, inda yarinya ta tsaya daga nesa tana kallon kwandon da aka sa ƙaninta Musa a bakin kogi, ba a faɗi sunanta ba. Haka ma a Alƙur'ani, a Suratul Ƙasas aya ta 11 da Suratu Ɗaha aya ta 40, "'yar'uwarsa" ko "'yar'uwarka" kawai aka ce. Masu tafsiri ne suka kawo sunan, wasu suka ce Maryam, wasu suka ce Kulsum. Mai bincike dole ya bambanta abin da nassi ya faɗa da abin da sharhi ya ƙara, ya rubuta kowanne a layinsa.

Domin samun ayoyin ba sai ka iya Ibrananci ba. Shafuka irin su Sefaria da Blue Letter Bible suna nuna nassin asali gefe da fassara. Akwai kuma tsarin lambobi na Strong, wanda ya ba kowace kalma ta Littafi Mai Tsarki lamba. Lambar Miryam ita ce H4813, kuma idan ka saka ta za ka ga duk ayoyin da sunan ya fito. Abin da za ka gani zai ba ka mamaki: ban da 'yar'uwar Musa, sau ɗaya tak sunan ya sake fitowa a Tsohon Alkawari, cikin jerin zuriya a 1 Tarihi 4:17. Wato sunan da daga baya ya cika duniya ya daɗe bai yaɗu ba ko a cikin mutanen da suka fara amfani da shi.

Mataki na uku: cire wasula, ka dubi baƙaƙe

Wanda ya yi karatun allo ba zai sha wahala a nan ba. Yadda almajiri ke fara babbaƙu kafin ya shiga farfaru, haka tsohon rubutun Ibrananci ya yi ɗaruruwan shekaru da baƙaƙe zalla, mai karatu ne ke sa wasula da ka. Sunan nan baƙaƙe huɗu ne, מרים, wato mim, ra, ya, mim. Ka ajiye shi kusa da na Larabci, مريم, za ka ga baƙi da baƙi ɗaya suke, ba ragi ba ƙari.

Tambayar da ta rage ita ce wasalin farko: fataha ne ko kisira? Mar- ne ko Mir-? Yawancin mutane kan ɗauka cewa tunda Ibrananci ne asali, to Miryam ce ta farko, Maryam kuma canji ne da ya zo daga baya. Hujjojin da ke hannu suna nuna akasin haka, kuma mataki na gaba ne zai nuna dalili.

Mataki na huɗu: jera fassarori bisa shekarunsu

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne amfani, kuma shi ne wanda ya kamata ka ba lokaci. Zana layi a takarda, ka sa kowace shaida a inda shekararta ta faɗa.

Shaida ta farko ita ce fassarar Attaura zuwa Girkanci da Yahudawan Iskandariya ta Masar suka yi wajen shekara 250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin sarki Batlamus na Biyu. Ana kiran wannan fassara Septuagint. Girkanci yana rubuta wasula, don haka masu fassarar sun rubuta sunan yadda suke jin ana furta shi a zamaninsu, kuma abin da suka rubuta shi ne Mariam, da fataha.

Shaida ta biyu ita ce harshen Aramiya, wanda shi ne harshen yau da kullum a Falasɗinu zamanin Annabi Isa (AS), da reshensa na Suryaniyanci da Kiristocin Sham da Iraƙi suke ibada da shi. A can ma Maryam ne.

Sai shaida ta uku, wadda ta zo a makare. Malaman Yahudawa da ake kira Masoret, waɗanda suka fi shahara a garin Ɗabariya, su ne suka ƙirƙiro ɗige-ɗigen wasulan Ibrananci tsakanin ƙarni na 7 da na 10 miladiyya. Kundin Halab da aka rubuta wajen shekarar 930 da kundin Leningrad na 1008 su ne manyan abin da aka gada daga aikinsu. A cikinsu ne aka sa wa sunan kisira, ya zama Miryam.

Ka ga ke nan tsakanin shaidar Mariam da shaidar Miryam akwai shekara fiye da dubu, kuma mai fataha ce ta riga. Domin ka tabbatar ba haɗari ba ne, nemi wasu sunaye da abu ɗaya ya faru da su. Wanda Girkanci ya rubuta Sampson, Larabci ke cewa Shamshun, a wasulan Masoret Shimshon ne. Balaam ya zama Bil'am. Garin Magdala, inda Maryamu Magadaliya ta fito, kalmarsa a Ibranancin Masoret migdal ce, wato hasumiya. Ƙa'ida ce ta sauti: fataha a gaɓar farko mai rufe ta riƙa sirancewa tana komawa kisira. Saboda haka Bahaushiyar da ake kira Maryam tana ɗauke da lafazin da ya fi kusa da na dā fiye da Miriam da ake ji a Turai da Isra'ila yau. A duk binciken suna, idan ka samu misali uku ko huɗu da suka bi hanya ɗaya, ka samu ƙa'ida. Idan misali ɗaya ne kawai, zato ne har yanzu.

A kan layin nan naka akwai wani wuri da ya kamata ka yi wa alama: ƙarni na farko kafin miladiyya da na farko bayanta. A lokacin ne sunan ya bunƙasa. Sarki Hirudus Babba ya auri wata gimbiya daga gidan sarautar Hasmoniyawa mai wannan suna, wadda marubucin tarihi Yusifus ya rubuta da Girkanci Mariamme. Hirudus ya sa aka kashe ta a shekara ta 29 kafin miladiyya, kuma ɗaya daga hasumiyoyin da ya gina a Ƙudus sunanta take ɗauke da shi. Masaniyar tarihi Tal Ilan ta tattara sunayen Yahudawan Falasɗinu na wancan zamani daga littattafai da takardu da akwatunan duwatsu da ake adana ƙasusuwan mamata, ta gano cewa Maryam da Salome su ne suka fi kowane sunan mata yawa, har kusan mace ɗaya cikin huɗu ko biyar Maryam ce. Shi ya sa Sabon Alkawari ya cika da su: uwar Yesu, Magadaliya, 'yar'uwar Marta da Li'azaru, uwar Yohanna Markus a Ayyukan Manzanni 12:12, da wata a Roma da Bulus ya gaisar a Romawa 16:6.

Wannan ya yi daidai da wani hadisi da ke cikin Sahihu Muslim. Mugira ɗan Shu'uba ya je Najran, Kiristocin garin suka tambaye shi yadda aka yi Alƙur'ani ya kira Maryam "'yar'uwar Haruna" a Suratu Maryam aya ta 28, alhali tsakanin Musa da Isa akwai zamani mai tsawo. Da ya dawo ya tambayi Manzon Allah (SAW), sai ya ba shi amsa cewa mutanen suna sanya sunayen annabawansu da salihan da suka gabace su. Al'adar da muke kira takwara ke nan, kuma ita ce babbar hanyar da sunaye ke tsallake ƙarnuka.

Mataki na biyar: koyi abin da kowane harshe ba ya iya furtawa

Suna ba ya canzawa haka siddan. Kowane harshe yana da sautukan da yake ƙi da wuraren da ba ya yarda kalma ta ƙare, kuma idan ka san su za ka iya hasashen siffar sunan tun kafin ka gan ta.

Fara da Girkanci. Kalmarsa ba ta ƙarewa da baƙi sai n, r ko s. Mariam baƙuwa ce a kunnen Bagirke, ba ta karɓar canjin ƙarshen kalma da nahawunsu ke buƙata, don haka aka yanke mim ɗin ƙarshe aka samu Maria. A tsofaffin kwafe-kwafen Sabon Alkawari siffofin biyu suna nan, wani lokaci a kan mace ɗaya.

A Latin abu biyu suka haɗu. Na ɗaya, sunan mace mai ƙarewa da -a yakan koma -am idan shi aikin ya faɗa wa, kamar dai yadda mansubi yake a Larabci. Sai Mariam ta yi wa Barume kama da Maria da aka yi wa nasabi. Na biyu, Rumawa suna da tsohon sunan dangi, Marius, wanda macensa Maria ce, ba shi da wata alaƙa da Ibrananci. Baƙon suna ya tarar da na gida mai kama da shi, ya zauna ba tare da wahala ba. Jerome, wanda ya kammala fassarar Latin da ake kira Vulgate wajen shekarar 405, Maria ya rubuta har ga 'yar'uwar Musa.

Daga Latin sai rassa suka rabu. Faransanci yana mayar da -a ta ƙarshe -e, aka samu Marie, kuma daga nan Ingilishi ya samu Mary bayan Normawa sun ci Ingila a 1066. Turawan Ingila suna da ɗabi'ar mayar da r zuwa l a sunan lele, kamar yadda Sarah ta zama Sally, to haka Mary ta zama Mally, ta zama Molly, har Polly. Wannan musanya ba baƙuwa ba ce gare mu, tunda wasu Hausawa harshe suke cewa wasu halshe. Rashawa suna cewa Mariya, su yi lele da Masha. Mutanen Ayalan sun raba sunan biyu saboda girmamawa: Muire na uwar Yesu ce ita kaɗai, Máire kuma na sauran mata. A Sifaniya girmamawar ta bi wata hanya, aka riƙa sanya laƙubban Maria a matsayin suna, irin su Dolores da Pilar da Guadalupe, har maza ma suna ɗauka a suna na biyu, kamar José María. A Amurka, bisa ƙididdigar hukuma, Mary ce ta fi kowane sunan 'ya mace yawa daga 1880 zuwa 1946.

To ina Miriam ta fito a Turai? A ƙarni na 16 masu fassara na Furotesta suka bar Latin suka koma kai tsaye ga nassin Ibrananci mai wasulan Masoret. Sai 'yar'uwar Musa ta zama Miriam, uwar Yesu ta ci gaba da zama Mary ko Maria, har mai karatu ya ɗauka sunaye biyu ne dabam. Akwai fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa da ba ta raba su ba, dukansu Maryamu take kiran su.

Reshen gabas bai taɓa yar da mim ɗin ba. Habashawa suna cewa Maryam, kuma suna gina sunayen maza a kansa, kamar Haile Mariam, wato ƙarfin Maryam. Armeniyawa da Jojiyawa Mariam suke cewa, Turkawa Meryem, Farisawa Maryam.

Larabci shi ne ƙofar da sunan ya shigo mana. Maryam ce kaɗai macen da Alƙur'ani ya ambata da sunanta, sau 34, kuma sura ta 19 sunanta take ɗauke da shi. Malaman nahawu sun sa sunan cikin waɗanda ba sa karɓar tanwini ko kisira, saboda suna ne na mace kuma ba Balarabe ba. Don haka ake karanta "ya Maryamu" da rufu'a, amma "Isa bnu Maryama" da fataha a inda wani suna zai ɗauki kisira. Yanzu koma ga takardarka ta mataki na farko. Hausa tana son kalma ta ƙare da wasali, kuma ta saba ɗaukar sunan Larabci tare da rufu'arsa: Adamu, Muhammadu, Zainabu, Asma'u. Maryamu ta shiga wannan sahu. Maryama kuwa, a ganina, daga bakin makaranta Alƙur'ani ta fito, domin "ibnu Maryama" ita ce siffar da kunne ya fi yawan ji a tilawa; Mariama da ake ji a Senegal da Gini da wajen Fulani ma ta yi daidai da wannan. Mairamu musanyar wuri ce tsakanin ra da ya, Mar-ya ta koma Mai-ra, daga nan aka gajarta zuwa Mairo da -o irin ta sunayen lele, sai Mero a bakin masu lanƙwasa ai zuwa e. Sunan ya daɗe da zama ɗan gida a nan: cikin 'ya'yan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai Nana Maryam, wadda ta ci gaba da karantar da mata ta hanyar ƙungiyar 'Yan Taru bayan rasuwar yayarta Nana Asma'u.

Mataki na shida: tace masu kama

Kama da wane ba ta wane. Yanzu ne za ka koma kan sunayen da ka sa wa alamar tambaya, ka gwada kowanne da tambaya biyu: baƙaƙensa sun yi daidai, kuma akwai hanyar tarihi da ta haɗa su?

Marina daga kalmar Latin ta teku take. Mario daga Marius yake. Margaret kalmar Girkanci ce ta lu'ulu'u. Marta kalmar Aramiya ce mai nufin uwargida. Marwa sunan dutsen Makka ne. Babu ɗayansu da ya fito daga mim-ra-ya-mim. A Barno kuma ka yi hattara da mairam ta Barebari, wadda ke nufin 'yar sarki, daga mai, sarki. Idan ka ji ana kiran wata Mairam a can, sai ka tambaya ko suna ne ko laƙabi.

Mariya kuwa hukuncinta dabam. Hausawa suna sanya shi ne saboda Mariya Baƙibɗiya, wadda Muƙauƙis mai mulkin Masar ya aiko wa Manzon Allah (SAW), mahaifiyar ɗansa Ibrahim. Ta fito daga cikin Kiristocin Masar, inda Girkanci ya yi ƙarfi kuma siffar Maria ta zama ruwan dare. Bisa wannan, gidan da ke da Maryam da Mariya yana ɗauke da rassa biyu na suna ɗaya, ɗaya ya biyo ta Aramiya, ɗaya ta Girkanci.

Mataki na bakwai: sai yanzu ka tambayi ma'ana

An daɗe ana wannan muhawara. A 1895 wani malami Bajamushe, Otto Bardenhewer, ya rubuta littafi guda a kan wannan suna kaɗai, ya tattaro gomman fassarori da aka yi masa tun zamanin dā. Aikinka shi ne ka auna kowacce, ka san mai ƙarfi da mai rauni.

"Ɗaci" ta fito daga mar ta Ibrananci, 'yar'uwar murr ta Larabci. Kalmar gaskiya ce: Na'omi ta ce a kira ta Mara a Rut 1:20, kuma ruwan Mara mai ɗaci yana Fitowa 15:23, ayoyi kaɗan bayan waƙar Miryam. Idan aka haɗa da yam, teku, sai a ce "teku mai ɗaci". Rauninta shi ne a Ibrananci siffa tana bin suna ne, don haka yam mar ya kamata a ce.

"Tawaye" daga meri take, kuma masu wannan ra'ayi kan jingina da Littafin Ƙidaya babi na 12, inda Miryam ta yi magana a kan Musa. Wannan fassara ce da aka ɗinka daga labarin rayuwarta, alhali suna tun ranar haihuwa ake sa shi.

"Tauraruwar teku" labarinta ya fi kowanne koyarwa. Wajen shekarar 390 Jerome ya rubuta littafi a kan ma'anar sunayen Ibrananci. Akwai wata mar mai nufin ɗigo, wadda ta zo a Ishaya 40:15, sai aka fassara sunan da stilla maris, ɗigon teku. A hannun masu kwafe littattafai stilla ta koma stella, tauraruwa. Wasali ɗaya ne ya canza, amma daga nan aka samu laƙabin Stella Maris da ke kan coci-coci da makarantun Katolika a duniya, har da Nijeriya. Laƙabi ne mai daraja a wajen masu shi, sai dai ba shi ne asalin sunan ba.

"Mai bauta" ita ce wadda aka fi ji a wajen malamanmu. Zamakhshari, a tafsirin Ali Imrana aya ta 36, inda matar Imrana ta ce ta raɗa mata suna Maryam, ya ce a harshensu sunan yana nufin mai ibada. A wani wurin kuma an ce mai hidima. Ma'ana ce da ta dace da rayuwar Nana Maryam ƙwarai, kuma ka rubuta ta da sunan wanda ya faɗe ta. Amma ka sani cewa kalmar bauta a Ibrananci da Aramiya daga ain-ba-dal take, kamar ta Larabci, ba daga waɗannan baƙaƙe ba.

"Abar ƙauna" daga tsohon harshen Masar take, inda mry ke nufin wanda ake so, kamar a sunayen gimbiyoyi Meritamun da Meritaten. Ƙarfin wannan ra'ayi shi ne an haifi Miryam a Masar, kuma a zuriyar Lawi akwai wasu sunaye da masana da yawa ke ɗauka na Masar ne, irin su Musa da Finehas da Hofni. Rauninsa shi ne mim ɗin ƙarshe, wanda ba a yi ittifaƙi a kan bayaninsa ba. Ni wannan na fi karkata gare shi, domin shi kaɗai ne ya dubi wuri da zamanin da aka fara sa sunan maimakon ya yanka shi gunduwa-gunduwa don ya dace da kalmomin da aka sani.

Mataki na takwas: rubuta sakamako a hawa uku, sannan ka gwada da wani suna

Raba abin da ka samu gida uku. Tabbatacce: baƙaƙe huɗu, ayoyin da sunan ya fito, shekarun fassarori, da cewa Maryam da Maria da Miriam suna ɗaya ne. Mai rinjaye: cewa fataha ta riga kisira, da cewa Mariya reshe ne na sunan. Abin saɓani: ma'ana. Idan wani ya tambaye ka, ka ba shi amsa da wannan tsari, ka faɗi wanda ya ce me.

Domin hannunka ya faɗa, gwada da Hannatu, wanda ya fi sauƙi. Rubutu mafi tsufa shi ne 1 Sama'ila babi na 1, Hannatu matar Elkana, uwar Annabi Sama'ila. Tushensa ha-nun-nun ne, da ha mai kauri irin ta Larabci, kuma a nan babu saɓani: tagomashi da jinƙai yake nufi, ɗan'uwan hanan na Larabci. Girkanci ba shi da wannan ha, sai sunan ya zama Anna, kamar annabiyar da ke Luka 2:36, daga nan aka samu Anne da Ana da Anita da Anya. Wani littafin Kirista na ƙarni na 2 ya kira mahaifiyar Maryam da suna Anna, masu tafsiri kuma suka ce matar Imrana Hanna ce, ko da yake Alƙur'ani bai ambaci sunanta ba. Ƙarin -tu na Hausa ta-kuri ce ta Larabci da rufu'arta, irin ta Saratu da Rifkatu. A wajen tacewa, ka cire Hana'u mai ha marar kauri, wadda ke nufin jin daɗi, ka cire kuma hinna'u, wato lalle. Sunan namiji Yohanan, wanda ya zama Yohanna da John da Jean da Ivan, daga wannan tushe na ha-nun-nun yake, don haka idan ka gama da Hannatu, shi ne na gaba da za ka zana wa layinsa.